Yadda ake auna sauyin nauyin mutum a cikin lifta, da yadda ake lissafinsa

Duk wanda ya taɓa shiga lifta ya san abin. Da ƙofa ta rufe lifta ta zabura sama, sai gwiwoyi su ɗan sage, jiki ya yi nauyi. Idan ta zo tsayawa kuma sai hanji ya taso, mutum ya ji ya yi sakayau. Alhazanmu da dama a otal-otal ɗin Makka da Madina suka fara cin karo da wannan, har wasu dattawa su ce su dai a bar su da matakala. Ɗaliban sakandare kuwa a takardar jarrabawa suke haɗuwa da shi, domin WAEC da NECO da JAMB duk suna son tambayar mutumin da ke tsaye kan sikeli a cikin lifta. Mafi yawansu haddace amsar suke yi, kuma da an ɗan juya tambayar sai hadda ta watse.

Abin ba ya buƙatar hadda. Ana iya auna shi da sikelin gida da wayar hannu, a fitar da lambobi, a lissafa gudun liftar har da tsawon benen. Sakkwato ba garin dogayen benaye ba ne, don haka zan kawo hanyar gwadawa da lifta, in kuma kawo ta wanda bai samu lifta ba.

Mataki na farko: gane abin da sikeli yake aunawa

Kada ka fita daga gida sai ka gama da wannan, don a nan dukan maganar take. Sikeli bai san yawan tsoka da ƙashin jikinka ba. Abu ɗaya ya sani: ƙarfin da tafin ƙafarka yake danna shi da shi. Masu ƙera shi ne suka rubuta kilo a fuskarsa, bisa zaton cewa za ka tsaya cik a kan daɓen da ba ya motsi.

Ƙarfi biyu ne ke aiki a kan mutumin da yake tsaye. Ƙasa tana janyo shi, daɓe kuma yana tokare shi daga ƙarƙashi. Janyowar ƙasa ita ce ainihin nauyi, kuma ana samunta ta ninka kilon jiki da 9.8. Wannan 9.8 ma'anarta ita ce duk abin da aka saki ya faɗi, gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. A nan wajenmu, da yake muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, lambar ta fi kusa da 9.78, amma bambancin bai kai a damu da shi ba. Mutum mai kilo 70 ke nan ƙasa tana janyo shi da niyuton 686 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Wannan lamba ba ta canzawa don ya shiga lifta, ko a hawa na goma yake ko a ƙasa. Abin da yake canzawa shi ne tokarar daɓe, kuma ita ce mutum yake ji a ƙafarsa, ita ce kuma sikeli yake nunawa.

Isaac Newton ya bayyana dalili tun 1687: abu ba ya canza gudunsa sai wani ƙarfi ya rinjayi wani a kansa. Idan kana tsaye ba motsi, tokarar daɓe da janyowar ƙasa sun yi kunnen doki. Idan ana son ka fara tafiya sama, dole daɓe ya tokare ka fiye da yadda ƙasa take janyo ka. Idan ana son ka fara tafiya ƙasa, dole ya sassauta, ƙasa ta yi rinjaye.

Gwada da kanka. Hau sikeli kusa da tebur, ka dafa tebur ɗin da ƙarfi: allura za ta koma baya alhali ba ka rame ba. Sa hannu ƙarƙashin tebur mai nauyi ka ɗaga shi kaɗan: za ta haura. Yanzu saki tebur, ka tsugunna da sauri kana kallon allura. A farkon saukarka za ta faɗi ƙasa da nauyinka, a lokacin da kake tsayar da jikinka a ƙasa kuma za ta wuce shi, sannan ta dawo daidai. Miƙe da sauri ka ga akasin haka: ta fara da wucewa, ta ƙare da faɗuwa. Ka lura cewa a tsugunnawa ɗaya, kana tafiya ƙasa tun daga farko har ƙarshe, amma allura ta nuna ragi ta kuma nuna ƙari. Riƙe wannan da kyau.

Mataki na biyu: haɗa kayan aiki

Nemi sikelin hawa irin na da, mai allura, wanda ake gani a kemis da ƙananan asibitoci. Na zamani mai nuna lamba da batir yawanci ba ya yin wannan aiki, saboda an tsara shi ya jira nauyi ya natsu sannan ya kulle lamba ɗaya ya ƙi motsi. Kai kuwa motsin kake nema. Idan allurar ba ta kan sifili kafin a hau, akwai ɗan abin murzawa a gefe ko ƙarƙashi da ake daidaita ta.

Sai waya mai ɗaukar bidiyo, da abokin aiki da zai riƙe ta, da biro da takarda. Ido ba ya iya kama abin, don wajen sakan biyu ne kawai. Bidiyo ne zai ba ka damar maimaita kallo.

Maganar liftar kanta, ka nemi izini. Je wurin mai kula da ginin, ko otal ne ko ofis, ka gaya masa gwajin makaranta ne na minti goma. Mutum biyu da sikeli da kyamara suna ta hawa da sauka ba bayani, ai sai maigadi ya tsare su, kuma da gaskiyarsa. Ni a ganina a bar liftar asibiti gaba ɗaya, ta marasa lafiya ce da masu tura gado. Zaɓi lokacin da babu cunkoso, don kuna buƙatar tafiya ɗaya daga ƙasa zuwa hawan ƙarshe ba tare da wani ya tsayar da ku a hanya ba. Hawa uku ko huɗu sun wadatar. Tafiyar hawa ɗaya kan yi gajarta, liftar ba ta gama ɗaukar gudu za ta fara birki.

Ku tambaya ko ginin yana kan janareta ne ko wutar NEPA, kuma wa ake kira idan ta maƙale. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ma'auni ke wuce 40, zama cikin akwatin ƙarfe ba wasa ba ne, ku riƙe gorar ruwa. Idan aka ɗauke wuta kuna ciki, a danna ƙararrawa a jira, kada a ɓamɓare ƙofa. Kuma ban da tsalle a ciki, yana iya sa na'urar kariya ta kama ta tsayar da ku tsakanin hawa biyu.

Mataki na uku: tafiyar sama

Ajiye sikeli a tsakiyar daɓen lifta inda babu kafet mai laushi. Hau, ka raba nauyinka daidai a ƙafa biyu, hannaye a sake. Kada ka jingina da bango, kada ka kama ƙarfen riƙo, don duk abin da ka dafa ya ɗauke wani kaso na nauyin. Ka miƙe gwiwa ba tare da ka ƙage ba, kuma kada kai ka sunkuya kallon allura, wannan aikin mai waya ne. Shi ya tsugunna ya saita kyamara a kan allurar kai tsaye daga sama, saboda idan aka kalle ta a karkace za a karanta lambar da ba ita ba.

A fara ɗauka tun lifta tana tsaye, a bar sakan biyar don a samu nauyin asali. Sannan a danna hawan ƙarshe. Mai ɗauka ya riƙa faɗa da baki: ta tashi, ta tsaya. Muryar za ta taimaka wajen karanta bidiyon. Kada a kashe kyamara sai ƙofa ta buɗe.

Ga abin da za ku gani. Mu ɗauka mai hawan kilo 60 ne. Da lifta ta tashi, allura za ta haura zuwa wajen 65, ta daɗe a nan kamar sakan biyu. Daga nan sai ta dawo 60 ta zauna, alhali kuna tsakiyar gudu, lambobin hawa suna ta canzawa a allo. Dab da isa sai ta sauka zuwa wajen 56, ta ɗan jima, ta dawo 60 lokacin da aka tsaya.

Tsakiyar nan ita ce ta fi ba mutane mamaki, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Lifta tana kan mafi girman gudunta, amma sikeli yana nuna abin da yake nunawa a tsakar gida. Gudu komai yawansa ba ya ƙara nauyi, muddin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Liftocin Burj Khalifa a Dubai suna kai mita 10 a sakan, amma wanda ke ciki a tsakiyar tafiya nauyinsa daidai yake ji, sai dai kunnensa ya toshe saboda canjin matsin iska. Shi ya sa ma ake iya zuba shayi a kofi cikin jirgin sama mai tafiyar ɗaruruwan kilomita a awa.

Mataki na huɗu: tafiyar ƙasa

Sake ɗauka daga sama zuwa ƙasa. A farko allura za ta faɗi, a tsakiya ta daidaita, a ƙarshe ta haura. Wato mutum yana sauka amma ya fi nauyi, saboda daɓe yana tokare shi da ƙarfi don ya tsayar da shi. Ku yi hawa da sauka sau uku, ku canza mai hawa sikeli a ɗaya daga ciki. Mai jiki ya fi nuna abin sarai, domin sauyin kaso ne na nauyi: idan mai kilo 60 ya ga ƙarin 5, mai kilo 90 zai ga 7.5.

Yanzu kana da yanayi huɗu na sauyi, kuma biyu-biyu suke tafiya. Tashi zuwa sama da birki a wajen sauka duk ƙarin nauyi suke bayarwa. Tashi zuwa ƙasa da birki a wajen hawa duk ragi suke bayarwa. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ba ina liftar ta nufa ba ce. Tambayar ita ce, a wannan lokacin wane ɓangare ake matsa mata, sama ko ƙasa?

Mataki na biyar: karanta bidiyo

Zauna a inuwa ka buɗe bidiyon, ka riƙa jan sa a hankali da yatsa. Rubuta abu biyu ga kowane sauyi: lambar da allura ta kai, da tsawon lokacin da ta yi kafin ta dawo. Wani tarko a nan: allura tana da lilo. Idan lifta ta fizga, takan wuce gona da iri ta dawo. Kada ka ɗauki ƙololuwar da ta taɓa na ƙiftawar ido, ɗauki inda ta ɗan zauna. Sabbin liftoci a hankali suke ƙara ƙarfi su kuma rage shi, don haka allura za ta hau a hankali ta sauka a hankali. A irin wannan sai ka ɗauki matsakaici. Wasu tsofaffi kuma birki biyu suke yi, su rage gudu, su ɗan ja jiki, sannan su tsaya da ɗan girgiza. Za ka ga faɗuwa biyu a jere. Ba sikelinka ne ya lalace ba.

Mataki na shida: lissafi

Ƙa'idar gajeriya ce. Tokarar daɓe daidai take da kilon jiki sau (9.8 a haɗa da ƙarin gudun lifta) idan ana matsa ta sama, ko kilon jiki sau (9.8 a debe ƙarin gudun) idan ana matsa ta ƙasa. A littafin makaranta haka ake rubuta ta: R = m(g + a) da R = m(g − a), inda R ita ce tokarar daɓe, m kilon jiki, g ita ce 9.8, a kuma ƙarin gudun lifta.

Mu gwada da mai kilo 70, a liftar da take ƙara mita 1 a sakan cikin kowane sakan, wanda kusan haka liftocin mutane suke yi. A tashi sama: 70 sau 10.8, niyuton 756. Raba da 9.8 don ka san abin da sikeli zai nuna: kilo 77.1. A birkin sama: 70 sau 8.8, niyuton 616, wato kilo 62.9. Kilo bakwai sama, kilo bakwai ƙasa, kusan kashi 10 cikin 100. A aji, a nan ne wani yaro yake ɗaga hannu ya ce, "Malam, to kilo bakwai ɗin ga daga ina ya hito?" Amsa: bai fito daga ko'ina ba, jikin yana nan kilo 70. Injin da ke jan igiya ne ya ƙara ƙarfi, ƙarfin ya bi ta daɓe zuwa ƙafa, sikeli da ke tsakani ya shaida.

Amma kai daga baya za ka faro, don lambar sikeli kake da ita, ƙarin gudu kake nema. Debe nauyin asali daga abin da ka karanta, ka raba da nauyin asali, ka ninka da 9.8. A misalinmu: 65 ban da 60 saura 5, a raba da 60, a ninka da 9.8, an samu 0.82. Liftar tana ƙara kusan mita 0.8 a sakan cikin kowane sakan. Tunda ta yi sakan 2 tana yin haka, gudun da ta kai shi ne mita 1.6 a sakan.

Ga inda abin yake da daɗi, domin za ka iya kama kuskurenka da kanka. Gudun da lifta ta ɗauka a farko, dole shi ta ajiye a ƙarshe, tunda a tsaye ta fara a tsaye ta ƙare. Saboda haka ƙarin kilo sau lokacinsa ya kamata ya yi daidai da ragin kilo sau lokacinsa. Ƙarin 5 na sakan 2 ya ba da 10. Idan ragin 4 ne, sai ka tarar ya ɗauki wajen sakan 2.5, shi ma 10. Idan naka lambobin sun yi hannun riga, ɗaya 10 ɗaya 4, koma bidiyo, akwai inda ka karanta lilon allura ko mai hawa ya motsa.

Sai tsawon tafiya. A sakan 2 na farko gudu ya tashi daga sifili zuwa 1.6, matsakaicinsa 0.8, an ci mita 1.6. A ce tsakiya ta ɗauki sakan 6 a kan 1.6, mita 9.6 ke nan. Birki na sakan 2.5 a matsakaicin 0.8, mita 2. Jimla mita 13.2. Idan hawa huɗu kuka yi, kowane hawa ya kama mita 3.3. Fita ka je matakala, ka auna tsayin taki ɗaya da tef, ka ƙirga takun da ke tsakanin hawa biyu, ka ninka. Idan abin da ka samu ya kusanci 3.3, to ka auna tsawon gini da sikelin kemis. Bambancin kashi 10 ko 15 cikin 100 ba abin kunya ba ne da irin waɗannan kaya.

Wanda ke da babbar waya yana iya ƙara shaida ta biyu. Kusan kowace tana da ɗan ma'aunin motsi a ciki, shi ne yake juya allo idan an karkata ta. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, wadda aka yi a jami'ar RWTH Aachen ta Jamus, tana nuna abin da ma'aunin yake ji a zane. Kwantar da wayar a daɓen lifta, fuska sama. A tsaye za ta nuna kusan 9.8, a tashi ta haura wajen 10.6, a birki ta sauka wajen 9.1. Kwatanta da lissafin sikeli. Ni dai na fi son a fara da allura, a bar waya daga baya, don yaro ya fi yarda da abin da ƙafarsa ta danna.

Idan babu lifta

Ga ɗalibin Wurno ko Gwadabawa ko Tambuwal, ko ma na cikin gari da bai samu izini ba, sikelin ƙugiya ya isa, irin wanda 'yan gwangwan suke rataya buhu a kai. Rataya galan mai lita 5 na ruwa, zai nuna kilo 5 da ɗan ɗori. Riƙe sikelin a gabanka, wani yana ɗaukar bidiyo. Fizge shi sama: allura ta wuce. Ɗaga shi a hankali da gudu ɗaya: ta zauna a 5. Sauke shi da sauri: ta koma baya, kuma lokacin da ka tsayar da shi ta wuce 5 sosai. Hannunka ne injin lifta, galan ne fasinja. Masu jan ruwa a rijiya sun daɗe da sanin rabin wannan: guga ta fi nauyi a fizgar farko, kuma tsohuwar igiya ta fi tsinkewa a lokacin da aka tsayar da cikakkiyar guga farat ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi wannan kyau. Samo gorar ruwa ta roba, ka huda ta da ƙusa a gefe kusa da gindi, ka cika ta, ka bar bakin a buɗe. Ruwa zai riƙa tsartuwa ta hujin, saboda na sama yana danna na ƙasa. Hau benci ka sake ta. Muddin tana faɗuwa, tsartuwar ta tsaya cak. Gora da ruwa suna faɗuwa tare, babu mai danna wani. Yanzu cilla ta sama a miƙe ba tare da ta juya ba: tun daga barinta hannu tsartuwar take ɗaukewa, alhali sama take tafiya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake cewa hawa ne ke kawo nauyi, sauka ke kawo sauƙi ba.

Idan igiya ta tsinke fa?

Dole wani ya tambaya. A lissafi, ƙarin gudun ya zama 9.8 zuwa ƙasa, an debe 9.8 daga 9.8 saura sifili. Sikeli zai nuna sifili, mutum da sikeli da daɓe suna faɗuwa tare kamar gorar ɗazu. Ƙasa ba ta daina janyo shi ba, abin tokara ne babu.

Halin da 'yan sama jannati suke ciki ke nan a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tana nisan kimanin kilomita 400 ne kawai, inda janyowar ƙasa take kusan kashi 90 cikin 100 na yadda take a nan. Suna shawagi ne don su da tashar kullum faɗuwa suke yi, sai dai gudunsu na gefe, kusan kilomita 7.7 a sakan, yana sa su kewaya duniya cikin kimanin minti 90 maimakon su faɗo mata. Irin wannan tunani na mutumin da ke faɗuwa ba ya jin nauyinsa shi ne ya zo wa Albert Einstein a 1907, ya bi shi har ya kai ga babban nazarinsa na janyowa a 1915.

A zahiri kuwa faɗuwar lifta abu ne mai wuyar faruwa. A 1854, a wani baje koli a New York, Elisha Otis ya hau dandamalin lifta ya sa aka sare igiyar a gaban jama'a, birkin da ya ƙirƙira ya kama. Liftocin yau igiyoyin ƙarfe da yawa ne ke riƙe da su, akwai na'urar da ke damƙe dogon ƙarfen da lifta take bi idan gudu ya wuce ƙima, kuma birkin injin an yi shi ne yadda wuta ce take buɗe shi. Da an ɗauke wuta sai ya kama da kansa. Shi ya sa ɗauke wuta ke jawo maƙalewa, ba faɗuwa ba. Zancen wai a yi tsalle dab da isa ƙasa kuwa, lissafi bai goyi bayansa ba: faɗuwar mita 15 tana kai gudun mita 17 a sakan, tsallen ƙaƙƙarfan saurayi kuma da ƙyar ya kai mita 3 a sakan.

Shi kuwa tashin hanji da jiri, jiki ne yake yin aikin sikeli. A can cikin kunne akwai wasu 'yan jakunkuna masu ƙananan ƙwayoyi kamar tsakuwa a kan gashi mai ji, suna sanar da ƙwaƙwalwa idan an matsa jiki sama ko ƙasa. Ido kuma yana ganin bango a tsaye. Saɓanin labarin biyu ne yake kawo jiri. Dattijon da za a shiga da shi lifta, a gaya masa tun da wuri cewa sau biyu zai ji abin, a tashi da a tsayawa, ya kama ƙarfen riƙo ya ɗan saki gwiwa.

Ga mai shirin jarrabawa

A takardar jarrabawa yawanci 10 ake cewa a yi amfani da ita maimakon 9.8, kuma amsa a niyuton ake so, ba kilo ba, sai in an ce abin da sikeli ya nuna. Ɗauki yarinya mai kilo 50. Lifta ta tashi sama da ƙarin gudu 2: 50 sau 12, niyuton 600. Ta tashi ƙasa da ƙarin gudu 2: 50 sau 8, niyuton 400. Tana hawa da gudu ɗaya na mita 3 a sakan: niyuton 500, kuma wannan 3 ɗin an sa ta ne don a yaudare ka, kada ka taɓa ta. Tana sauka amma tana rage gudu da 2: niyuton 600, ba 400 ba. Wannan ta ƙarshe ita ce take kayar da masu hadda. Kafin ka rubuta komai, zana mutum, ka ja kibiya ɗaya ƙasa ɗaya sama, ka tambayi kanka wacce ta rinjaya.

Akwai tambaya ɗaya da ake yi wa waɗanda suka yi nisa, kuma kuna iya gwada ta a tafiyarku ta ƙarshe idan kun samu aron mizani mai tafi biyu, irin wanda ake sa kaya a gefe ɗaya, duwatsun awo a ɗaya gefen. Daidaita kilo 1 na albasa da dutsen kilo 1, ka ajiye mizanin a daɓen lifta, wani kilo 1 kuma ka rataye shi a sikelin ƙugiya. Da lifta ta tashi, na ƙugiya zai nuna wajen 1.08, a birki 0.93. Mizanin kuwa ba zai karkata ba, domin ƙarin da ya hau kan albasa shi ne ya hau kan dutse. Sikelin ƙugiya mai ɗaukar kilo 50 ba zai nuna wannan ɗan bambanci ba, sai a nemi ƙarami mai tsayawa a kilo 2 ko 5, ko kuma a ƙara yawan albasar a ɓangarorin biyu.